Wata Huɗu Tsakanin Aiki Biyu: Yadda Na Yi da Inshorar Wucin Gadi a Teksas

A Amurka, inshorar lafiyar yawancin ma'aikata a ɗaure take da wurin aikinsu. Ranar da aiki ya ƙare, ko ƙarshen wannan watan, katin asibitin da ke aljihunka ya tashi daga aiki. Nawa ya mutu ne ranar 31 ga Oktoban 2024 a Hustan, jihar Teksas, bayan kamfanin da nake wa aikin kula da na'urorin sadarwa ya rage ma'aikata. Allah Ya taimake ni na samu wani aikin da wuri, sai dai a farkon Janairu zan fara, kuma a takardar ɗaukar aikin an rubuta cewa inshorarsu ba za ta hau kaina ba sai 1 ga Maris. Ba su saɓa doka ba, don an yarda kamfani ya sa sabon ma'aikaci ya jira har kwana 90. Ke nan Nuwamba, Disamba, Janairu da Fabrairu babu abin da ke rufe da ni. A cikin waɗannan watanni ne kuma za a ɗaura mini aure a Kano, ga lefe, ga kuɗin jirgi, ga hidimar da kowa ya sani.

Wanda bai zauna ƙasar nan ba zai ce, to, mene ne a ciki? Saurayi lafiyayye, wata huɗu kawai, in ciwo ya zo a je asibiti a biya. Haka muka saba a gida. Amma a nan kwana ɗaya a gadon asibiti yana iya cinye abin da mutum ya tara a shekara. Akwai dokar 1986 da ta hana sashen gaggawa korar marar lafiya don ba shi da kuɗi, za su duba ka su tsayar da ciwon, amma dokar ba ta ce kyauta ba. Takardar bashi tana biyo ka har gida. Gwamnatin tarayya ta daina cin tarar wanda ba shi da inshora tun 2019, Teksas kuma ba ta da tata tarar, don haka ba tsoron hukuma ne ya hana ni zama haka ba. Tsoron bashi ne.

Ƙofa uku na tarar a gabana.

Ta farko ita ce ta zo har gida a ambulan, a makon farko na Nuwamba. Ana kiranta COBRA, wata doka ce tun zamanin Reagan da ta ba wanda ya bar aiki damar ci gaba da tsohuwar inshorarsa har wata 18, in dai kamfanin yana da ma'aikata 20 ko fiye. Sharaɗin shi ne kai za ka biya duka, da kasonka da wanda kamfani ke biya maka a da, har da ƙarin kashi 2 cikin ɗari na ɗawainiya. A lokacin ne na fara ganin ainihin farashin abin da ake cire mini 'yan daloli a albashi dominsa: dala 750 da 'yan kai kowane wata. Ba wai tawa ce ta fi tsada ba. Binciken da KFF, wata cibiyar nazarin harkar lafiya a Amurka, ke yi duk shekara ya nuna a 2024 matsakaicin kuɗin inshorar ma'aikaci ɗaya dala 8,951 ne a shekara, na iyali kuwa 25,572. Akwai wani abu a takardar da ya kamata kowa ya riƙe: ana ba ka kwana 60 ka yanke shawara, kuma in ka karɓa ko a rana ta ƙarshe ce, ka biya watannin baya, inshorar tana komawa ta rufe ka tun ranar da ta yanke.

Ta biyu ita ce kasuwar inshora ta gwamnati a HealthCare.gov, wadda dokar Obama ta 2010 ta kafa. Rasa inshorar wurin aiki yana buɗe maka ƙofarta na kwana 60, ga shi kuma lokacin rajistar shekara ya kama daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu. Na cike bayanaina. Tallafin da ake bayarwa a lokacin, wanda aka ƙara a 2021 aka tsawaita zuwa ƙarshen 2025, an tsara shi ne yadda mutum ba zai biya fiye da kashi 8.5 cikin ɗari na abin da yake samu ba a kan wani matsakaicin tsari. Ni gwauro ne mai albashi ba laifi, ga kuɗin sallama da aka ba ni, sai lissafin ya nuna ban cancanci ko sisi ba. Mafi arahar tsari, wanda suke kira matakin tagulla, ya kama kusan dala 400 a wata.

Ta uku ban neme ta ba, ita ta neme ni. Ina cikin bincike na faɗa wani shafi mai kama da na gwamnati, ya nemi lambar waya kafin ya nuna farashi, na sa. Kafin la'asar wayata ta koma kamar ta mai sayar da kati. Dillalai ne daga jihohi daban-daban, kowa da zaƙin bakinsa, kuma dukkansu abu ɗaya suke tallatawa: inshorar wucin gadi, dala 100 da wani abu a wata, za ta fara aiki gobe. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini da ita da ta gwamnati duk ɗaya ne, bambancin kawai ita ba ruwanta da dogon turanci. Wannan maganar ƙarya ce, kuma ina so duk wanda ya ji ta ya san ƙarya ce. Kwamitin makamashi da kasuwanci na majalisar wakilai ya binciki wannan kasuwa ya fitar da rahoto a Yunin 2020. Ya gano mutum kusan miliyan 3 ne ke riƙe da irin wannan inshora a 2019, kuma la'adar da dillali ke samu a kanta tana iya ninka ta tsarin gwamnati har sau goma. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin yawan kiran ba.

Na kira wata antinmu ma'aikaciyar jinya, wadda ta fi shekara ashirin a garin. Ita ce uwar duk wani Bahaushe da ya sauka Hustan ba shi da kowa. Na zayyana mata komai.

Ta ce, "Kai yaro, araha ba ta ado. Amma ban ce kada ka saya ba. Akwai maganin da kake sha kullum?"

Na ce, "Babu, Anti."

"Hawan jini? Suga? Asma?"

"Babu ko ɗaya."

"To kai irin wanda suke so ne. Ka ce su aiko maka da takardar yarjejeniyar gaba ɗayanta, ba tallar ba. Ka fara karantawa daga shafin abin da ba sa biya. In ka gama ka kira ni."

Haka na yi. Dillalin ya ja ƙafa, ya ce sai na biya za a aiko, na ce to mu haƙura. Washegari ta iso ta imel.

A shafin farko akwai gargaɗi da manyan haruffa, wanda gwamnatin tarayya ta wajabta a sa, cewa wannan ba cikakkiyar inshora ba ce, da jerin bambancinta da wadda ake samu a HealthCare.gov. Wannan gargaɗin yana cikin sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki 1 ga Satumban 2024, wata biyu kacal kafin in shiga kasuwar. Tarihin tsawon wa'adin wannan inshora shi kansa abin dubawa ne, don kowace gwamnati da yadda take ja. A ƙarshen mulkin Obama an taƙaita ta zuwa ƙasa da wata uku. A 2018 gwamnatin Trump ta buɗe ta zuwa kwana 364, da damar sabuntawa har wata 36. Gwamnatin Biden ta dawo da ita wata uku, da ƙarin wata ɗaya, huɗu ke nan gaba ɗaya, ta kuma hana kamfani ɗaya ya jera maka sabuwa a kan tsohuwa cikin shekara guda. Bayan na gama nawa, a Agustan 2025, hukumomin tarayya suka sanar ba za su matsa wajen tilasta wannan iyaka ba. Jihohi ma kowace da nata: Kalifoniya ta haramta sayar da ita tun 2019, a Niyok ma ba a samunta, Teksas kuwa ƙofa a buɗe take. Saboda haka abin da na tarar ba lallai ne shi mai karatu zai tarar a jiharsa a bana ba.

Daga nan na wuce shafin da Anti ta ce. Ya fi shafin abin da suke biya tsawo. Ba sa biyan awon ciki da haihuwa. Ba sa biyan maganin da likita ya rubuta ka saya a waje. Ba sa biyan allurar rigakafi ko duba lafiya na shekara. Ba sa biyan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba sa biyan duk jinyar da aka yi maka a wajen Amurka. Ciwon da ya fara cikin kwana biyar na farko babu ruwansu, kansa kuma sai bayan kwana 30. Ba kamfanin da na zaɓa ne kaɗai haka ba. A 2018 KFF ta duba ire-iren waɗannan tsare-tsare ta samu kashi 71 cikin ɗari ba sa biyan maganin da ake saya a waje, kashi 43 ba sa biyan lafiyar ƙwaƙwalwa, haihuwa kuwa babu ko ɗaya da ke biya. Duk waɗannan suna cikin abubuwa goma da doka ta tilasta wa tsarin gwamnati ya ƙunsa. Wanda ke da mata a gida, ko da ba ta da ciki a yau, ya tsaya a nan ya yi tunani.

Amma sakin layin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsohon ciwo. Sun ce ba za su biya duk wani ciwo da aka gano, ko aka yi wa magani, ko aka ba da shawara a kansa cikin shekara biyar da suka wuce ba. Sai suka ƙara da cewa har da ciwon da ba a gano ba, in dai ya nuna alamun da mai hankali zai je asibiti dominsu. Na karanta wannan jimlar na sake karantawa. Wane ne zai yanke hukuncin abin da mai hankali zai yi? Kamfanin. Yaushe? Bayan ka kwanta. A nan arahar take. Tsarin gwamnati dole ya karɓi kowa ba tare da ƙara masa farashi saboda ciwo ba, mai suga da mai sikila da wanda ya taɓa yin kansa, kuma dole ya kashe aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ya karɓa a kan jinyar mutane. Ita ta wucin gadi ba ta ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tana tace mutane a bakin ƙofa, in wani ya zille ya shiga, ta sake tace shi ranar da ya kawo takardar asibiti.

Fom ɗin nema gajere ne, tambayoyin e ko a'a. Tsayi da nauyi. Shin a shekara biyar an taɓa gaya maka kana da ciwon zuciya, suga, kansa, ciwon ƙoda, ciwon hanta, shanyewar ɓarin jiki? Shin kai ko matarka kuna jiran haihuwa? Shin wani kamfani ya taɓa ƙin karɓarka? E guda ɗaya ta isa a rufe ƙofa. Da na zo kan tambayar cutar jini sai na dakata. A watan da ya gabata na yi gwajin kafin aure, wanda ya zama doka a Kano a 2024, kuma ni AS ne. Ba ciwo ba ne, ban taɓa kwanciya dominsa ba, amma yana rubuce a takardar wani ɗakin gwaji a Hustan. Dillalin ya ce in sa a'a kawai in wuce. Na ce a'a zan sa, amma sai na rubuta wa kamfanin da kansa. Na aika musu imel na faɗi abin da gwajin ya nuna, na tambaya ko yana cikin abin da suke nufi. Suka amsa cewa ba ya ciki. Na buga amsar a takarda na ajiye. Duk abin da dillali ya faɗa ta waya iska ce, abin da kamfani ya rubuta shi ne naka.

Na zaɓi tsari mai kusan dala 130 a wata. Didaktabul ɗinsa, wato abin da zan fara biya daga aljihuna kafin su sa hannu, dala 5,000. Bayan nan su ɗauki kashi 70 ni 30. Iyakar abin da za su biya gaba ɗaya dala miliyan ɗaya. Na ƙi wani mai dala 80 saboda ya ƙayyade abin da zai biya na ɗakin asibiti a kwana, adadin da ko rabin kuɗin ɗaki bai kai ba. Irin wannan ƙaramin rubutun shi ke sa mutum ya ga miliyan a saman takarda, a ƙasa kuma ya tarar ba za a taɓa kaiwa ko kusa ba. Na kuma cire wasu ƙarin abubuwa da aka liƙa a kan farashin ba tare da na nema ba, katin rangwamen haƙori da kuɗin zama ɗan wata ƙungiya ta biyu, ban da ta farko da aka haɗa inshorar da ita. Na biya da kati da daddare, da safe katin inshora ya shigo wayata. A gaskiya sauƙin sayenta ba ƙarya ba ne. Na samu wata uku, daga farkon Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, da niyyar in nemi ƙarin wata ɗaya in lokaci ya yi.

Nuwamba ya wuce lafiya. Abin da kawai na taɓa shi ne maganin rigakafin maleriya na tafiya, wanda na biya ganin likita da maganin duka da kuɗina. Na tafi Kano, aka ɗaura aure, aka yi biki, Alhamdu lillahi. Zaman ya ɗan zarce yadda na tsara saboda zagayen dangi, har muka kwana biyu a Kura wurin 'yan'uwan mahaifiyata, inda ruwan noman rani ke riƙe sauro ko da hunturu. Maganin da na zo da shi ya ƙare kafin in baro ƙasar. Na dawo Hustan ni kaɗai, amarya tana jiran takardunta. A makon da na sauka ne kwana 60 na COBRA suka cika, ƙofar ta rufe.

Ina cikin makon farko a sabon aiki zazzaɓi ya rufe ni. Sanyi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, sai amai. Na san shi tun ina yaro, amma bai taɓa kama ni da wannan ƙarfin ba. Daga baya likita ta bayyana mini cewa ɗan juriyar da jikin wanda ya tashi a yankin sauro ke da ita tana gushewa in ya yi shekaru a waje. Abokina da ya zo ɗaukata zai nufi asibitin da ya fi kusa, na ce ya tsaya ya duba jerin asibitocin da kamfanin ke hulɗa da su tukuna. Akwai dokar tarayya da ta fara aiki a 2022 mai kare mutane daga bil ɗin ba-zata in an kai su gaggawa asibitin da ba na kamfaninsu ba, amma ba ta haɗa da inshorar wucin gadi ba. Ina rawar ɗari a kujerar mota muna neman suna a waya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum irin abin da ya saya.

A sashen gaggawa abin da na fara faɗa shi ne daga Nijeriya na dawo, a gwada maleriya. Duk wanda ya dawo daga gida da zazzaɓi ya faɗi wannan da bakinsa tun a tebur na farko, don a shekara mutum wajen 2,000 ne kawai ake samu da cutar a faɗin Amurka, akwai likitocin da ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Gwaji ya tabbatar. Saboda aman ya hana magani zama, suka kwantar da ni kwana biyu, da ƙarin ruwa da ɗibar jini safe da yamma. Da aka sallame ni aka rubuta mini ragowar Coartem, wanda a kemis na Kano 'yan dubban naira ne, a nan kuwa sai da aka nemo shi daga wani kantin, na biya sama da dala 100.

Anti ta zo dubiya da kunun gyaɗa a fulas. Tana zama ta ce, "Yau nawa ga wata?"

Na ce, "Goma sha uku."

"Saura kwana biyu a rufe rajistar gwamnati. Kada ka dogara da ƙarin watan nan nasu. Buɗe kwamfutarka."

Gaskiyarta. Ƙarin watan ba haƙƙina ba ne, sai sun ga dama, kuma in na nemi sabuwa a wani kamfanin, kwanciyar da na yi yanzu ta zama tsohon ciwo. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ƙarewar inshorar wucin gadi ba ta buɗe maka ƙofar kwana 60 a kasuwar gwamnati, domin a idon doka ba cikakkiyar inshora ka rasa ba. Wanda tasa ta ƙare a watan Mayu yana tsakiyar jinya, sai ya jira rajistar ƙarshen shekara. Ni sa'ata ita ce ciwon ya zo ƙofa tana buɗe. A daren na yi rajista, ba a tambaye ni ko taɓa ciwon kai na yi ba, aka ce za ta fara 1 ga Fabrairu.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo daga kamfanin wucin gadi. Ba biya ba ce, ba ƙi ba ce. Sun ce suna nazari, in sa hannu a takardar izinin karɓar bayanan lafiyata, in lissafa duk likita, asibiti da kantin maganin da na taɓa zuwa cikin shekara biyar. Rahoton majalisar da na ambata ya yi magana a kan wannan ɗabi'a, ta a karɓi kuɗinka ba bincike, sai ka kawo bil a fara tonon baya. Na lissafa duka. Suka dawo da tambaya biyu: gwajin jinin nan na AS, da kuma wani awo na shekarar 2022 da hawan jinina ya ɗan ɗaga sau ɗaya. Na farko na aika musu amsar da suka ba ni da hannunsu. Na biyu sai da na koma wurin tsohon likitana ya rubuta cewa bai taɓa gano hawan jini a jikina ba, bai kuma ba ni magani ba. Suka sake tambaya ko na taɓa yin maleriya a shekara biyar. Ban yi ba, kuma tambarin fasfona ya nuna ban je gida ba a tsawon lokacin sai wannan tafiyar. Na haɗa da hotonsa.

Wannan zaman jiran ya fi kwanciyar asibitin wahala a wurina. Asibiti na aiko da takarda, jimillar kusan dala 19,000, ni kuma ban san ko kaso zan biya ko duka ba. Na kira ofishin kuɗinsu na ce kamfani na nazari, a dakatar da lissafin kada a miƙa shi ga masu karɓar bashi, suka yarda suka sa alama. Amarya tana tambayata me ke damuna, ba na so in fara mata zaman aure da labarin bashi. Mahaifiyata kuwa cewa ta yi, "Ba ka ce kana da inshora ba?" Na ce ina da ita, Hajiya. Ban san yadda zan bayyana mata cewa akwai inshorar da sai bayan ka warke ake yanke hukuncin ko kana da ita ba.

A cikin Afrilu suka biya. Rangwamen da ke tsakaninsu da asibitin ya sauke kuɗin zuwa wajen dala 11,000. Na ɗauki 5,000 na farko, da kashi 30 na ragowar, da wani ƙarin kuɗin shiga sashen gaggawa da ke cikin yarjejeniyar. Nawa ya tashi 7,000 da 'yan kai, nasu wajen 4,000.

Na zauna na yi lissafin gaskiya, don ba na so in zalunci kowa a wannan rubutu. Da tsarin tagulla na gwamnati na saya tun Nuwamba, a wannan ciwon kaɗai ba zan tsira da komai ba, don shi ma didaktabul ɗinsa ya haura 7,000, ga kuɗin wata ninki uku. Da COBRA na riƙe, duk da tsadarta, da na fi samun sauƙi da kusan dala 1,500, saboda tsohuwar inshorar tana da ƙaramar iyaka a kan abin da ma'aikaci zai biya a shekara. Da kuma ban yi ciwon ba, da ta wucin gadi ta bar mini kusan dala 2,000 a aljihu a kan COBRA. Saboda haka ba zan ce ta cuce ni ba. Ta yi abin da ta rubuta za ta yi.

Abin da ya hana ni kiranta madadin cikakkiyar inshora ba ya cikin wannan lissafin. A tsarin gwamnati, a 2025, duk abin da ya same ni a asibitin da ke cikin jerinsu, nawa ba zai wuce dala 9,200 ba a shekarar, kuma babu wanda zai buɗe tarihina ya nemi dalilin ƙin biya. Da maleriyar ta taɓa ƙodata na shiga wankin ƙoda, da wa'adin wata ukun ya cika ina tsakiyar jinya. Da ban ajiye imel ɗin nan ba, ko da tsohon likitana ya rubuta kalmar hawan jini a fayil da saurin hannu, da wata maganar ake yi. Ni lafiyayye ne, ba ni da iyali a ƙasar, ina da ranar da sabuwar inshora za ta fara a rubuce, ina da ajiyar da za ta iya ɗaukar 5,000. Duk sharuɗɗan da ake so sun cika a kaina, amma sai da na yi wata biyu ban yi barci mai daɗi ba. Wanda ya rasa ko ɗaya daga cikinsu, musamman mai ƙaramin samu wanda tallafi ko shirin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, wato Medicaid ko CHIP na yara, zai iya rufewa, ya fara da HealthCare.gov ko da masu taimakon rajista na kyauta kafin ya ɗaga wayar dillali. Akwai kuma cibiyoyin lafiya na unguwa da ke karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum, suna da amfani ga ƙananan larurori ko da wace inshora kake riƙe da ita.

Kasona na asibiti ban biya shi a dunƙule ba. Na nemi cikakken bil mai nuna kowane abu da farashinsa, na tarar an sa gwajin jini ɗaya sau biyu a rana guda, suka cire. Na tambayi tsarin tallafinsu, wanda doka ta wajabta wa asibitocin da ba na neman riba ba su kasance da shi, aka ce samuna ya wuce iyaka, amma suka raba mini kuɗin wata-wata ba tare da kuɗin ruwa ba, abin da na fi buƙata ke nan. Inshorar sabon aiki ta fara 1 ga Maris kamar yadda aka rubuta. Ta gwamnati ba ta tsayawa da kanta, sai da na shiga shafin na sa ranar ƙarewa a ƙarshen Fabrairu, in ba haka ba za su ci gaba da cirar kuɗi. Ta wucin gadi kuwa ta mutu da kanta ranar da wa'adinta ya cika, amma sai da na kira banki na tabbatar an daina cirar kuɗin ƙungiyar da aka haɗa ta da ita, don shi a yarjejeniya dabam yake.